Wasiƙa Zuwa Ga Masu Neman Aikin Koyarwa a Firamare



Da yawanku za ku zauna gaban kwamitin tantancewa, na SUBEB ko na makarantar kuɗi, riƙe da takardar NCE da shaidar rajistar TRCN. Bayan an gama duba takardu, sau da yawa akan jefo wannan tambaya: "Malam, yaya za ka yi da yaron da ba ya son karatu?" Ku sani ku ake aunawa da ita. Duk wanda ya amsa da cewa "ai daƙiƙi ne", ko "bulala ce maganinsa", ya nuna wa kwamitin cewa yana yanke hukunci kafin bincike. Shawarata ɗaya ce: ku yi maganar ƙin karatu a matsayin alamar wata matsala da aikin malami ne ya gano ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Ku dubi yaron aji huɗu da ke maƙale a bencin baya, yana kwafe abin da ke kan allo harafi-harafi kamar mai ɗinkin hula, amma da an ce ya karanta layin da ya rubuta sai ya sunkuyar da kai. Tun aji ɗaya aka wuce shi, kuma kullum darasi na tafiya cikin Turancin da ba ya ji. Ku dubi yarinyar da ta fita tallar ƙosai tun da asuba, ta iso bayan an gama kiran suna, kafin a tashi tara ta fara gyangyaɗi. Ga mai jin yunwa, ga wanda idonsa ba ya hango allo, ga wanda tsoron duka ya ɗaure wa harshe. Daga nesa duk sun yi kama da malalata, alhali kowa da maganinsa.

Saboda haka ku gaya wa kwamitin matakan da za ku bi: ku gwada yaron shi kaɗai ku ga inda karatunsa ya tsaya, ku ji ta bakin iyayensa, ku ba shi aikin da zai iya don ya ɗanɗani nasara, sannan ku sake gwada shi bayan 'yan makonni. Kuna da hujja a hannu. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da raba yara rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya maimakon ajinsu, kuma bincike ya tabbatar da amfanin hakan. Shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato ya fara wa yara karatu da Hausa, domin yaro ya fi kama abin da yake ji.

Wani zai ce wannan maganar takarda ce, tunda tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35, amma a makarantu da dama aji ɗaya ya haura ɗari. Gaskiya ne, sai dai gwada karatun yaro bai wuce mintuna kaɗan ba. Yara goma a rana, cikin mako biyu an zagaye ajin. Wani kuma zai ce akwai yara masu taurin kai da sai an tsawata. Akwai su, kuma tarbiyya wajibi ce, amma bulala tana sa aji ya yi tsit ne kawai, ba ta koya wa kowa haɗa baƙi da wasali. Mai ɗora laifin kan iyaye ma yana da gaskiyarsa, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka; ku faɗi yadda za ku jawo iyayen da hedimasta da kwamitin kula da makaranta.

A 2017 malamai 21,780 cikin kusan 33,000 suka faɗi jarrabawar da gwamnatin Kaduna ta yi musu, kuma tun daga nan ido ya ƙara dawowa kan abin da malami ya sani. Sanin darasi rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne riƙe yaron da zuciyarsa ta fara barin aji. A baya UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma yaron bencin baya yana dab da shiga sahunsu. Don Allah, idan an yi muku tambayar nan, ku amsa da nufin aikata abin da kuka faɗa, domin amana za a danƙa muku.