Kafin Ka Sabunta Na'ura, Ina Littafin Bashinka?

A kasuwar Malanville, kamar a Gaya da Kamba, 'yan kasuwa da dama sun jingine littafi sun koma kwamfuta da wayar salula. A ciki ake rubuta buhunan albasa da masara, da sunan wanda ya ɗauki kaya bashi, da kuɗin mota da na duwan. Sai dai akwai haɗarin da ba a cika maganarsa ba: a sabunta na'ura yau, gobe tsohuwar manhajar lissafi ta ƙi buɗewa.

Dalili kuwa shi ne, manhaja ba ta aiki ita kaɗai. Tana aron wasu ƙananan fayiloli daga Windows ko Android, kamar yadda mai shago ke jan wuta daga layin kasuwa. Idan kamfani ya canza fayilolin ko ya cire su, sai tsohuwar manhaja ta nemi abin da ta saba da shi ta rasa. In wanda ya haɗa ta ya ɓace, babu mai gyara.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 2017 Apple ya fito da iOS 11, tsofaffin manhajoji da yawa suka daina tashi. Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020, sannan da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Ƙin sabuntawa ma ba mafita ba ce. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, masu ita suna neman kuɗin fansa.

Shawararmu ita ce, kafin a sabunta, a kwafe lissafi a wani wuri dabam, a sigar da Excel ke iya buɗewa. A buga jerin masu bashi a takarda duk ƙarshen wata. A fara gwada manhajar a wata na'ura. In ta ƙi, a bar tsohuwar kwamfuta ga lissafi kaɗai, a raba ta da intanet.

Muna kuma kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su tsaya wa mambobinsu: duk mai sayar da manhaja ya rubuta alkawarin gyara da na fitar da bayanai. Bashin da babu shaidarsa, rigima yake haifarwa tsakanin abokan ciniki. Allah Ya kiyaye mana dukiyoyinmu.