Rinin sirdin babur da aikin dukawa

Ranar Asabar da ta gabata na hau kabu-kabu daga Boɗinga zuwa Shagari, sanye da farar riga da aka yi mata bugu da daddare. Da na sauka, wani dattijo mai sayar da goro ya dube ni ya ce, "Malam, kan jini ka zauna?" Na waiwaya, sai ga bayan rigar ya rine ja. Yaron da ya ɗauko ni ya yi ta ba da haƙuri, ya ce baƙin sirdin ne ke ƙona fasinja da tsakar rana, shi ya sa ya sayi jan fenti na feshi ya bi shi da shi kwana biyu da suka wuce.

Ban yi fushi da shi ba, domin damuwarsa gaskiya ce. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, baƙin abu kuwa shan rana yake yi, har mutum ya kasa ɗora hannu a kai. Inda ya yi kuskure shi ne bai san abin da yake zaune a kai ba. Sirdin da ke zuwa da Boxer ko Jincheng ba fata ba ne, roba ce aka shimfiɗa kan soso aka yi mata zanen fata. Roba ba ta shan rini. Duk abin da aka fesa mata sai ya kwanta a sama, zafi da gumi da gogar zama su ɓantare shi, ya bi tufafin mutane.

Fata ta gaskiya wani abu ne dabam, kuma babu wanda zai koya wa Basakkwace wannan. Majema kan jeme ta da 'ya'yan bagaruwa, ta fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske, ƙofofinta a buɗe. Sai baduku ya ɗauka. Ja daga karan dafi yake samunsa, wato ɓawon karan wata irin dawa da ake dakawa a jiƙa da ruwan toka. Baƙi kuma kuloko ne, ruwan da aka tsima kashin maƙera a ciki, wanda da zarar ya haɗu da bagaruwar da ke jikin fatar sai ya rine ta nan take. Rinin cikin naman fatar yake shiga, shi ya sa tsohon sirdin doki kan koɗe amma ba ya ɓarewa. Sai dai akwai ƙa'idar da kowane baduku ya sani: daga haske ake tafiya zuwa duhu. Jar fata tana zama baƙa, baƙa ba ta komawa ja. Ko da sirdin yaron nan na fata ne, burinsa ba zai cika da rini ba.

Abin da ya kamace shi shi ne riga ta fata da za a ɗinka wa sirdin. Fatar akuya ta yi laushi ga wannan wahala, ƙirgin sa ya fi. A rina shi kafin a ɗinka, a bar shi ya bushe a inuwa, a goge da tsumma har sai tsumman ya daina ɗaukar launi, sannan a shafa masa mai kaɗan. Wannan gogar ita ce masu gaggawa ke tsallakewa, ita ce kuma ke tsare rigar fasinja. Ba zan ɓoye ba, fata ba ta son ruwa, da damina sai an lulluɓe ta, kuma kuɗinta ya fi na roba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka yi ƙarnuka suna ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko domin ta can take isa gare su. Yau dukawanmu sun koma jiran baƙo mai sayen tsaraba da hawan Sallah, alhali babura sun cika hanyar nan tun daga Sakkwato har Tambuwal, kowane da sirdin da rana ta tsattsage, an ɗaure da igiyar roba ko an lulluɓe da buhu. Ga cibiyar binciken fata a Zariya, ga ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu a kowace tasha, ban ga abin da zai hana a zauna a fitar da samfuri ɗaya mai araha a gwada ba.

Rigata dai an wanke ta sau uku, jan bai fita ba. Na ba wa yaron shawara ya kankare fentin ya nemi baduku ranar kasuwa, ya ce sai ya gama biyan kuɗin babur ɗin tukuna.