Ba Sanƙo Ne Ya Kayar Da Ni Ba

Ina aji biyu a jami'a, da shekara ashirin a duniya, gashin goshina ya fara ja da baya. Kafin zangon ya ƙare abokai sun raɗa mini suna Alhaji Sanƙo. In na ɓata rai sai su ce wasa ne, wai ai sanƙo alamar arziki ce. Arzikin da na gani a shekarar shi ne faɗuwa a darussa biyu, domin na koma kujerar ƙarshe a ɗakin lacca inda ba mai hangen tsakar kaina, daga bisani ma na daina zuwa.

Rigimata da masu cewa "ai gashi ne kawai" ce. Sun yi gaskiya a kan gashin, sun yi kuskure a kan mai shi. Sanƙon maza gado ne: wani sinadari da jiki ke samarwa, ana kiransa DHT, shi ke tsuke tushen gashi sannu a hankali har ya daina tsiro. Ba jifa ba ne, ba kuma sakacin mai kan ba ne. Amma saurayin da ya shafe makonni ba ya barci, abinci ya fita ransa, littafi na buɗe a gabansa bai san me ke ciki ba, ya wuce maganar gashi. Ciwon damuwa ne ya kama shi, ciwo mai suna da magani. A 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon irin wannan majinyaci a matsayin mahaukaci. Doka ta sauya, bakin majalisar samari bai sauya ba. Har yau namijin da ya ce yana cikin damuwa, rago ake kiransa.

Wannan shirun ne ke ciyar da 'yan kasuwa. Daga tasha zuwa TikTok, kowa da kwalbar mansa mai tsirar da gashi cikin mako biyu. Kuɗin abincina na wata guda ya tafi a nan, kuma ban samu ko sili ɗaya ba. Sai da na je gaban likita na ji abin da mai talla ba zai faɗa ba: magungunan da aka tabbatar, minoxidil da finasteride, rage zubar suke yi, kuma ana dainawa take dawowa. Dashen gashi a Istanbul kuwa, ɗalibin da ke kirga kuɗin rajista ya bar wa masu shi.

Ni ma ban wanke kaina ba. Na jingine karatu ina jiran gashi ya dawo, kamar jadawalin jarrabawa zai jira ni. Likitan ne ya tambaye ni yaushe rabona da shiga aji, tambayar da ba aboki ɗaya da ya yi mini. Muka ɗauki watanni ana kula da damuwar, ba kan ba.

Ranar da na koma, na biya wurin mai aski na ce ya kwashe saura tas. Na zauna a layin gaba, ba hula. An yi dariya kwana biyu, a na uku wanda ya raɗa mini sunan ya zo aron littafina. Na maimaita darussan nan biyu tare da ƙannena, na fita da digirina shekara guda bayan 'yan ajinmu.