Mai ƙaramin kuɗi, daga soket ake fara haɗa kwamfutar gem

Kusan duk matashin da ya kawo mini takardar kayan da yake son saya don ya haɗa kwamfutar gem da hannunsa, tsarin takardar ɗaya ne. Katin hoto a sama, furosesa na biye da shi, sai fankoki masu walƙiya ja da shuɗi. Can ƙasa, in ma an tuna, sai a rubuta akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak, a ware masa canjin da ya rage. Daga YouTube ake kwafo wannan tsari, daga bakin wani da ke zaune a Amurka ko Jamus, inda mutum zai shekara bai ga ƙwan ɗakinsa ya dushe ba. Shawararsa daidai take da garinsu. Mu da muke Kano, Zariya ko Gusau, ni a ganina juya takardar ya kamata mu yi, mu fara daga ƙasa.

Dalili kuwa kowa ya san shi. Wutar da aka ce tana zuwa mana da ƙarfin bolt 230 sau da yawa ba ta kai haka ba, musamman da magariba, lokacin da unguwa gaba ɗaya ta hau kan taransifoma guda. Wani lokaci kuma a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfin da ke ƙona firji. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako guda a duhu. Kwamfutar da za ta rayu a nan tsakanin wutar gwamnati da janareta da inbata za ta rayu, kuma fawa-fak ne ke karɓar duk wannan duka kafin ya isa ga sauran kayan. In na kirki ne, idan abu ya ɓaci sai ya kashe kansa ya tsare na bayansa. In na banza ne, yakan tafi da madabod da katin hoto a tashi ɗaya.

Shi ya sa shi kaɗai ne ba na yarda a saya na hannu, ko wanda ba a san sunan kamfaninsa ba. Ka ɗauki biyu a hannu ka gwada. Wanda aka rubuta wa wat 650 da manyan baƙaƙe amma ka ji shi sakayau, wayoyinsa sirara, ka leƙa ta ragar fanka ka hango rabin cikinsa fili ne, ajiye shi. Na kirki yana da nauyi. Sannan ka karanta takardar da ke manne a gefensa. Wasu an rubuta suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wasu kuma daga 200 zuwa 240 kawai. Na farkon nan shi ne namu, don ko wuta ta yi ƙasa zai ci gaba da aiki, na biyun kuwa sai ya riƙa kashe maka kwamfuta ana tsakiyar wasa. Tambarin 80 Plus Bronze yana nufin aƙalla kashi 82 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, sauran ta zama zafi. Alama ce mai kyau, amma ba shaidar inganci ba ce ita kaɗai, don sitika kowa na iya bugawa. Kamfanoni irin su Corsair, Seasonic da Cooler Master suna da ƙananan samfura na wat 550 zuwa 650, kuma wannan ya ishi duk haɗin da mai ƙaramin kuɗi zai yi, har da rara.

A cikin wannan lissafi kuma dole a sa UPS. Mutane na ruɗewa da lambar da ke jikinsa: mai VA 650 abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Aikinsa ya riƙe ka 'yan mintuna, ka adana abin da kake yi ko a tayar da janareta. Mai inbata kuma ya tabbatar tasa mai tatacciyar wuta ce, wadda masu sola ke kira fiyo-sain, don wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da ɗaya nau'in, sai su riƙa ƙara ko su mutu da zarar an sauya layi.

To sai katin hoto, wanda shi ne ke cin kaso mafi girma, kuma ya cancanta. Idan kuɗin kayan ciki naira ɗari ne, ni zan ba shi talatin da biyar zuwa arba'in. Amma a nan ne aka fi cutar yara. Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya shigo mini da kwali a hammata yana murmushi.

"Kawu, 4GB ne fa, kuma sabo dal. Mai shagon ya ce duk gem ɗin da na sa zai ja."

Na buɗe, sai ga GT 730. Kati ne na 2014 da aka yi don ofis, don a samu wajen maƙala allo. Yawan GB ɗin da ke jikinsa rumbu ne kawai, ƙarfin yana ga ƙwaƙwalwar katin, ita kuwa ba ta da shi. EA Sports FC 24, ƙwallon da ta gaji FIFA a 2023, mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, kuma GT 730 ko kusa da su bai je ba. Sai da muka koma tare, na yi ta "Haba Alhaji, yaro ne, a duba", kafin aka karɓa aka cire wani abu a kuɗin.

Katunan da suka dace da aljihunmu sanannu ne. Akwai RX 580 mai 8GB na 2017, da GTX 1660 Super na 2019, da RX 6600 na 2021. Na farkon ya fi araha kuma ya cika kasuwa, kuma akwai dalili. A Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin kirifto, sai masu haƙar suka juye dubban katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. Da yawansu an wanke su, an sa musu sabon kwali. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, da aka yi don kasuwar China, wanda a ƙarfi kusan RX 570 ne, suna kawai ya ara.

Ba haramta RX 580 nake ba, wanda kuɗinsa nan ya tsaya ya saya. Amma a duba wutar da kowanne ke ci: RX 580 wat 185, GTX 1660 Super wat 125, RX 6600 wat 132, alhali RX 6600 ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. A mita bambancin ba wani abin tashin hankali ba ne. Wat hamsin na awa huɗu kullum yunit shida ne a wata, ko a kan farashin Band A da ya haura naira 200 a Afrilun 2024, bai kai kuɗin data na mako ba. Inda abin ke ciwo shi ne a batir. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200, in ba ka so ka kashe shi da wuri, abin da za ka ci a ciki bai wuce rabi ba, wajen wat 1,200 na awa guda. Kwamfutar da ke jan 300 za ta cinye shi cikin awa huɗu, mai jan 240 ta kai biyar. Ga kuma zafi. Duk wat ɗin da kati ya ci a ɗakinka yake amayar da shi, kuma wanda ya san Afrilun Kano ko Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40, ya san ɗakin ba ya bukatar ƙari.

Kati na hannu kuwa ba a saye sai an gani a kan aiki. A maƙala shi a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z ka ga ko sunan da ke ciki ya yi daidai da na kwali, don akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna su fito a matsayin GTX 1050 Ti. A sa manhajar FurMark ko wani gem mai nauyi ya yi kwata ko rabin awa. Ka sa ido a allo ko za ka ga ɗige-ɗige ko layuka masu kala, ka kasa kunne ko fanka na gurnani, ka duba zafin. Mai shagon da ya ce babu wuta ko babu lokaci, ka yi masa sallama cikin mutunci. Wannan ne ma ya sa na fi son mutum ya taka da ƙafarsa zuwa titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja idan yana da hanya, a kan ya tura kuɗi ga wanda hoto kawai ya gani a WhatsApp.

Furosesa ba ta bukatar dogon zance, sai dai tarko ɗaya. "Core i7 ce" ba magana ba ce sai an faɗi ta wace shekara. i7-3770 ta 2012 ce, kuma i3-12100F ta 2022 ta fi ta gudu ƙwarai duk da sunanta ƙarami. Ga kuma batun Windows: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel zubi na takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama. Saboda haka tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake sauke mana, waɗanda ake cusa wa ƙaramin kati a ce an yi kwamfutar gem, a san abin da ake saya. Da yawansu ma fawa-fak ɗinsu na musamman ne, ba ya sauyuwa da na kasuwa cikin sauƙi.

Ni zaɓina Ryzen 5 5600 a kan madabod B450 ko B550, ko kuma i3-12100F a kan H610. Furosesa da wuya take lalacewa, don haka ta hannu ba laifi, sai dai a duba ƙafafun ta AMD ko akwai wadda ta lanƙwashe. Tsohon B450 yakan bukaci a sabunta masa BIOS kafin ya gane 5600, to mai shago ya tayar da su tare ka gani. Wanda kuma kuɗinsa ke zuwa kaɗan-kaɗan, akwai Ryzen 5 5600G mai ɗan katin hoto a cikinta. Za ta ja eFootball da GTA V idan an rage ƙawa, ka yi ta lallaɓawa har adashi ya zagayo ka sayi kati. Harafin F a ƙarshen sunan Intel kuwa yana nufin babu wannan ɗan katin hoto na ciki, in ba kati ko hoto ba za ka gani ba.

RAM 16GB, amma sanda biyu masu takwas-takwas, don biyu sun fi ɗaya mai 16 sauri, musamman a kan 5600G. SSD dole ne, ko da mai 512GB, tunda FC 24 kaɗai tana neman 100GB. Allo mai 1080p ya isa, talabijin ɗin falo ma zai riƙe ka kafin ka samu.

Akwatin da za a zuba kayan a nan ne yara ke narkar da kuɗi a banza. Mai gilashi gaba da gefe yana da kyau a hoto, amma iska ba ta shiga. A nemi mai raga a gaba, da fanka biyu na shigar da iska, ɗaya na fitarwa, da matatar ƙura da ake cirewa a wanke. Na sha buɗe kwamfuta bayan hunturu in tarar ƙura ta yi kirtani a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, ja-ja-ja, ta toshe ko'ina, mai ita yana ta zargin bairos ne ya sa take nauyi. A ɗora ta a kan tebur, kada a ajiye a ƙasa kan kafet, a riƙa hure ta da bulowa, ana riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga PS4 na hannu ya fi araha. Gaskiya ne, wanda ƙwallo kawai yake son bugawa da abokai ya sayi PS4 ya huta. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowace ƙusa ta kwamfuta da dala ake shigo da ita. Abin da ke sa kuɗin ya halatta shi ne wannan na'urar da ke jan gem ita ce ke tace bidiyon biki, ta yi zanen gini a AutoCAD, a koyi rubuta manhaja a kanta. Iyayen da ke ganin shiririta ce zalla su duba wannan ɓangaren, su kuma sa sharaɗi.

Kai kuma mai haɗawa, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya da kwanakin garanti a rubuce, ko da mako biyu ne. Idan ka gama lissafi ka ga kuɗin bai kai ga fawa-fak na kirki da UPS ba, ka sauko da katin hoton mataki ɗaya, ko ka ƙara haƙurin wata biyu kafin ka shiga kasuwa.