Kuskuren Mai Magani, Wa Ke Biya?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai ku yi mini haƙuri.

Akwai ɗiyar ƙanena a nan Badarawa da zazzaɓi ya kama, aka kai ta wurin wani mai allura. Ya soka mata a inda bai kamata ba, ya taɓa jijiya, tun daga ranar take jan ƙafa. Ubanta ya sayar da sa guda da buhunan gero, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ƙaura da Gusau. Shi kuwa mai allurar ko sisi bai fitar ba. Da na ɗaga murya sai dattawa suka ce, "A yi haƙuri, ƙaddara ce." Na yarda da ƙaddara, amma ai malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba har ya cutar da shi, biyan diyya na kansa.

Wani ma'aikacin lafiya ya ce da ni in aka buɗe ƙofar kai ƙara, magani zai yi tsada kamar a Amurka, inda likitoci ke biyan inshora mai yawa su ɗora wa majinyata. Gaskiya ne har jihar Kalifoniya a 1975 da Tekzas a 2003 sun ƙayyade diyyar wahalar da aka sha a kan dala 250,000. To amma da ofishin kasafin kuɗi na majalisarsu ya yi lissafi a 2009, sai ya ga irin wannan gyara ba zai rage kuɗin lafiyar ƙasar ba sai kusan rabin kashi 1 cikin 100. An girgiza kuka, ɗa guda ya faɗo.

Mu a nan ina ma ƙarar take? Ku tuna annobar sanƙarau ta 1996 a Kano, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200, 11 suka rasu. Kamfanin bai amsa laifi ba, sai a 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75, iyalai huɗu na farko kuwa ba su ga kuɗi ba sai 2011. Shekara 15, alhali gwamnati ce da lauyoyinta ke gaba! Hukumar kula da likitoci ta ƙasa na iya dakatar da likita ko ta soke sunansa, amma ba ta ba majinyaci ko kwabo, kuma mai allurar ƙauye ba ya cikin littafinta.

Ni dai a ganina, a kafa ɗan kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, alƙali da likita da malami, su saurari koke cikin wata uku, su yanke diyya mai iyaka wadda ba za ta kori 'yan likitocin da suka rage mana ba. Tsadar da ake tsoro ƙanena ya riga ya biya ta shi kaɗai, bana ma garmar haya ya yi noma da ita.