Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NFF, Alhaji Ibrahim Musa Gusau

Ranka ya daɗe, ina so in ja hankalinka ga wani aiki da ba a kaɗa masa ganga, wato yi wa yaranmu 'yan ƙwallo rajista tun suna shekara 12.

Dubi Benjamin Sesko na Sulobeniya, ƙasar da mutanenta duka-duka miliyan biyu ne da 'yan kai. An haife shi a 2003, ya fara a ƙungiyar garinsu Radece, ya bi ta Krsko da Domzale, Salzburg ta Ostiriya ta ɗauke shi a 2019 yana ɗan shekara 16, ta ajiye shi a Liefering ya goge. Daga nan sai Leipzig a 2023, sai Manchester United a 2025 a kan kuɗi sama da Yuro miliyan 70. Kowane zango da ya yada rubuce yake, kuma rubutun nan kuɗi ne, domin dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23.

Dokar nan ta fi dacewa da mu a kan Turawa. Su a tsakaninsu yaro yana iya ƙetare iyaka da shekara 16, namu kuwa sai ya cika 18. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, amma sai da ya jira watan Oktoban 2010 kafin ya buga wa VVV-Venlo ta Holan. Victor Osimhen ya zura 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, bai koma Wolfsburg ba sai Janairun 2017. Ke nan renon yaro na shekara shida cur a gida ake yin sa. To amma kocin da ke tara yara a filin ƙura a Kubwa ko Nyanya, yana saya musu takalmi daga aljihunsa, da me zai kafa hujja ranar da aka sayar da ɗaya daga cikinsu? Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke raba irin wannan kuɗi, kuma abin da hukumar ƙasa ta shigar a kwamfuta shi yake bi. Wanda ba a rubuta sunansa ba ya yi noma, wani ya kwashe amfanin.

Za a ce yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Gaskiya ne, kuma dalili ne na gaggautawa. Ɗan shekara 12 da wuya ya rage wa kansa shekara biyar ido bai gane ba. Ƙarya tana samun wurin zama ne idan an bari sai ana gobe gasa. Ba mu manta 2016 ba, lokacin da gwajin MRI na tantance shekaru ya zubar da 'yan Golden Eaglets 26, Nijar kuma ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 karo na biyar. Za a kuma ce babu kuɗi. Ai wannan ba ginin filin wasa ba ne, ma'aikaci ne da kwamfuta a ofishin hukumar kowace jiha. Dillalan da ke cin riba cikin duhu za su yi ƙorafi, wannan kam ba makawa, sai dai ba domin su aka zaɓe ka ba.

Roƙona shi ne a fara da nan Abuja, inda ofishinka yake. A umarci hukumar ƙwallon Birnin Tarayya kada ta bar wata makarantar horar da yara ta shiga gasa sai ta yi wa kowane yaronta rajista, da sunansa da ranar haihuwarsa da ranar da ya zo hannunta. Allah ya yi maka jagora. Wassalam.