Fentin Shafi Ɗaya: A Tambayi Bango Tukuna



Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan gini don gyaran ɗaki, da wuya bai ji wannan magana ba: "Ɗauki wannan, shafi ɗaya ya wadatar." Wani lokaci mai shago ne zai faɗa, wani lokaci a jikin bokitin aka rubuta. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga angon da biki ya rage saura mako biyu, 'yan jere sun matsa masa lamba, ko magidancin da ke son falo ya yi haske kafin Sallah. Ni a nawa ganin, maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma akasarin bangayen gidajenmu ba su ne ake nufi da ita ba.

Abin da ke sa fenti ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa shi ne garin launin da ke cikinsa. A farin fenti da launuka masu haske, wani sinadari ne da ake kira titaniyom dayokzayid yake wannan aiki, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a haɗin. Fenti mai araha ana rage masa wannan sinadari, a cike gurbin da garin alli. Shi kuma fentin shafi ɗaya na ainihi, irin Dulux Once da ake sayarwa a Ingila, an yi shi da kauri ne domin ya zauna a bango da nauyi tun a karon farko. Saboda haka lita ɗaya tasa ba ta cin fili kamar ta fentin da aka saba, ga shi ya fi tsada. Tun daga nan ribar ta fara raguwa.

To, wane irin bango aka yi shi dominsa? Bango mai santsi, busasshe, wanda aka taɓa yi wa fenti, kuma sabon launin bai yi nisa da tsohon ba. Idan ɗakinka ruwan madara ne kana son ka mayar da shi fari, fenti mai kyau a hannun gwani zai iya fitar da kai kunya da shafi ɗaya. Wannan ban musa ba.

Amma dubi namu bangon. Bulo ne aka yi masa filasta da siminti da yashi, sau da yawa yashin ya rinjayi simintin. Irin wannan bango ƙishirwa gare shi. Shafin farko shanye shi yake yi, kuma ba daidai yake sha a ko'ina ba: inda magini ya murje sosai ya sha kaɗan, inda aka yi faci ko aka bi layin wayar lantarki ya sha da yawa. Da ya bushe sai ka ga bango dabbare-dabbare. Da dare ƙwai ɗaya na rufa asiri, amma bari hantsi ya shigo ta taga, duk inda rola ta bi sai ka ƙirga. Sabon siminti kuma yana da kaifi irin na kanwa, shi ya sa masana gini suke cewa a ba shi kamar mako huɗu ya bushe kafin a kai masa fenti. Wanda ya yi gaggawa zai ga farin gari kamar gishiri yana tsattsafowa, fentin na kumbura yana ɓamɓarewa, komai tsadarsa.

Launi ma yana da nasa hali. Ja da rawaya da ruwan lemo ba su da ƙarfin rufi, ko a kan fari sukan nemi shafi biyu ko uku. Haka wanda ke son ya binne shuɗi mai duhu da fari. Tabon hayaƙin kicin da na yoyon damina kuwa, ratso fentin ruwa suke yi su dawo, sai an wanke, an toshe inda ruwan ke shigowa.

Sai batun da ba a cika son faɗa ba, wato ruwa. Mai fenti da aka yi jinga da shi har da kuɗin kaya, ribarsa tana cikin bokiti ɗaya ya zagaye ɗaki biyu. Ba duka suke haka ba, akwai masu amana da yawa, kuma wani lokaci mai gidan ne da kansa zai ce a ƙara ruwa don ya isa. Ko ma wane ne, fentin da aka yi don ya zauna da kauri, in aka tsinka shi, an kashe dalilin sayensa. An biya kuɗin shafi ɗaya, an samu rabin shafi. A lokacin hunturu abin ya fi muni, domin iska na busar da gefen da aka shafa kafin rola ta dawo ta haɗe shi da na kusa, sai layi-layi su fito.

Mu yi ɗan lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, bangonsa huɗu in an cire ƙofa da taga ba zai wuce murabba'in mita 40 ba. A ce lita ɗaya tana cin mita 10, galan ɗaya mai lita 4 ke nan a kowane shafi. Abin da ake gudu duka bai wuce galan na biyu da jiran wasu awanni ba. Wanda ya tsallake shi, in bango ya fito da tabo, zai sayi galan ɗin dai, ya sake biyan kuɗin aiki, ya fitar da gado da kujeru da labule. In ɗakin amarya ne kuwa, ga surutun dangi kyauta.

Iyayenmu mata da ke shafa farar ƙasa a ɗaki gabanin Sallah sun san wannan tun da daɗewa. Sukan shafa, su bari ta sha iska, su dawo su maimaita, don sun san sai ta bushe take nuna ainihin farinta.

Da za a tambaye ni, kuɗin da za a ƙara wajen sayen fentin shafi ɗaya gara a kashe shi wajen gyara bangon: a cike tsaga, a goge da samfefa, a kakkaɓe ƙura, a yi sikiridin in da hali, a sa fentin share fage a sabon bango, sannan a bi da shafi biyu marasa kauri. A kuma yi magana da mai fenti tun farko cewa shafi biyu aka yi ciniki, kayan kuma kai za ka saya. In mai shago ya dage cewa nasa daban ne, sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa a wuri mafi muni a bangon, ka bar shi ya kwana, ka je ka duba da rana tsaka kafin ka biya kuɗin bokiti.